Gidan Yamai da aka kwance aka kai Faransa, da zafin da aka bar mana

A watan Yunin 2007 kamfanin gwanjo na Christie's ya yi cinikin wani gida a birnin New York a kan kuɗi kusan dala miliyan 5. Babu fili a cikin cinikin. Gidan ne tsurarsa, na ƙarfe da alminiyum, irin wanda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a zuba a kwantena, a je wani gari a sake ɗaurawa. Daga Brazzaville aka kwanto shi, kuma lokacin da dillalin ya same shi jikinsa duk hudar harsashi ce ta yaƙin basasar Kongo. Wani mai otal-otal a Amurka, André Balazs, shi ya saye shi.

Irin wannan gida uku kacal aka taɓa ƙerawa. Biyu an kafa su a Brazzaville a 1951. Babban wansu kuwa, wanda aka fara gwaji da shi, a Yamai aka kafa shi a 1949, zamanin da Nijar ke hannun Faransa. Ya yi shekara 50 a tsaye, rana na dukansa, ƙura na rufe shi, mutane na wucewa ba mai ɗaga kai. A shekarar 2000 wani dillalin kayan da Bafaranshe, Eric Touchaleaume, ya zo ya saye gidajen uku, ya kwance su, ya kai Faransa. Abin da ya rage a Yamai shi ne dakalin simintin da gidan ya zauna a kai.

Na san abin da zai fara zuwa bakin mai karatu: an sake yi mana sakiyar da ba ruwa, a dawo mana da kayanmu. Ina da ta cewa a kan wannan, kuma zan zo wurin. Amma a ganina akwai asarar da ta fi tafiyar gidan ciwo. Mutumin da ya ƙera shi ya zauna ya yi lissafin zafin Yamai, ya yi lissafin inda rana ke faɗowa da inda iska za ta bi, alhali shi ba ɗan ƙasar ba ne. Mu da muke cikin zafin, mu da watan Afrilu ke gasa mu da ma'aunin da ke haura 40 a Yamai da Sakkwato da Maiduguri, mun daina yin wannan lissafin.

Sunan mutumin Jean Prouvé. Maƙeri ne tun asali, a wurin masu aikin ƙarfe ya yi koyo, ba shi da takardar shaidar masu zanen gini. Masana'antarsa tana Maxéville, kusa da birnin Nancy, inda yake naɗe falankin ƙarfe ya yi tebura da kujerun makaranta da gadajen ɗakunan kwanan ɗalibai. Akwai wata kujerarsa ta 1934 da ya yi wa ƙafafun gaba sirara, na baya kuma kaurara, domin ya lura nauyin mai zama a baya yake sauka. Da wannan kan ya tunkari gidan Yamai. Ya zagaye shi da baranda, ya sa wa barandar fikafikan alminiyum da ake karkatawa su tare rana su bar iska. Bangayen ciki kuma ƙyamare ne da ake turawa gefe, masu ƙananan tagogi zagayayyu na shuɗin gilashi. Rufin hawa biyu ne da sarari a tsakani, da kafa a ƙololuwa, ta yadda iskar da ta yi zafi za ta tashi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Kowane ɓangare an yi shi daidai yadda zai shiga jirgin saman dakon kaya, kuma mutane ƙalilan su iya ɗagawa da hannu.

Prouvé ɗaya ne daga cikin tsarar masu zanen gini da kayan ɗaki da suka yi tashe daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa ƙarshen shekarun 1960. Yau idan ka ji sunansu, a bakin masu kuɗi za ka ji shi. Amma da yawansu talaka suka sa a gaba, ko aƙalla mai ƙaramin albashi. Yaƙi ya rushe birane, sojoji sun dawo suna aure, ana neman gida da kujera masu araha, kuma masana'antun da suka saba ƙera jirage sun bar sababbin dabarun sarrafa katako da roba da alminiyum. A Amurka, Charles Eames da matarsa Ray sun koyi lanƙwasa falankin katako mai hawa-hawa ne wurin ƙera karan ɗorin ƙafa na sojojin ruwa da suka ji rauni, kimanin 150,000 kafin yaƙi ya ƙare. Da aka ajiye makamai sai suka mai da dabarar kan kujera. Manufarsu, kamar yadda Charles ya sha faɗa, ita ce a kai abu mafi kyau ga mutane mafi yawa a farashi mafi sauƙi. Kujerarsu ta roba mai zare da ta fito kasuwa a 1950 daga wata gasar kayan ɗaki masu araha ta samo asali.

A Danmak akwai Hans Wegner, ɗan mai gyaran takalmi, wanda ya shiga koyon kafinta yana ɗan shekara 14, ya mutu ya bar zanen kujeru sama da 500. Shahararriyar kujerarsa mai jingina kamar gwafa, wadda ake ƙerawa ba tsayawa tun 1950, daga tsofaffin kujerun ƙasar Sin ya ɗauko fasalinta, kuma har yau da hannu ake saƙa mazauninta da igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120. A kan wata kujerarsa Kennedy da Nixon suka zauna a muhawararsu ta talabijin a 1960. Akwai Arne Jacobsen, akwai Alvar Aalto na Finlan wanda ya gina asibitin masu tarin fuka a Paimio har ya zana kujerar da za ta sauƙaƙa wa majinyaci numfashi. Akwai Charlotte Perriand, wadda da ta je neman aiki wurin shahararren mai zanen gini Le Corbusier a 1927 ya sallame ta da gatsen cewa su ba sa ɗinkin matashin kai a nan, daga baya ya ga aikinta ya aika a kira ta.

Daga cikin labaran tsarar nan, wanda ya fi tsaya mini a rai na Eames ne a Indiya. A 1958 gwamnatin Nehru ta gayyace su su ba da shawara kan yadda za a inganta ƙere-ƙeren ƙasar. Suka yi watanni suna zagaye. Da suka zo rubuta rahoto, abin da suka ɗaga sama da komai shi ne ƙaramin tulun ruwa na tagulla da ke kowane gida a ƙauyukan Indiya, wanda suke kira lota. Suka jero tambayoyin da ya amsa: yawan ruwan da zai ci, girman hannun da zai riƙe shi, yadda za a ɗora shi a ka ko a kwankwaso, yadda ruwa zai zubo ba fallatsa, sauƙin wankewa, abin da zai ci na kuɗi. Suka ce ba mutum ɗaya ya zana shi ba, zuriya bayan zuriya ce ta yi ta gyara shi. A kan wannan rahoto aka kafa cibiyar koyar da zane ta ƙasa a Ahmedabad a 1961. To, mutanen da duniya ke kallo a matsayin iyayen zamananci sun je ƙasar talakawa sun ce ga malaminku nan a bakin rijiya. Da Kano ko Damagaram suka zo, ba na shakka a kan randa za su tsaya, tukunyar da ke sanyaya ruwa da gumin jikinta ba tare da ta ci ko sisin kwabo na wuta ba.

Kasuwa ta yi wa wannan gado juyin da masu shi ba su yi mafarki ba. Misali mafi muni a Chandigarh yake, birnin da Indiya ta gina daga tushe bayan rabuwarta da Pakistan, wanda Le Corbusier ya tsara, ɗan'uwansa Pierre Jeanneret ya zauna a can daga 1951 zuwa 1965 yana lura da aikin. Jeanneret da matasan Indiyawa masu zanen gini, cikinsu har da wata mata Eulie Chowdhury, sun zana kujeru da tebura na katako da saƙar gora domin ofisoshi da kotuna da jami'a. Kafintocin garin ne suka ƙera su dubbai. Da suka tsufa, a ƙarshen shekarun 1990, aka riƙa jibge su a kan rufi da bayan ofis, ana gwanjonsu a farashin itacen girki. Dillalai daga Faransa, har da wancan Touchaleaume, suka riƙa saye suna gyarawa. Kujerar da magatakarda ya raina ta koma ana sayen ta dubban daloli a Turai da Amurka. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta hana sayar da su, bayan an riga an yi awon gaba da mafi kyawunsu. A takardun gwanjo sunan Jeanneret ake rubutawa. Kafintocin da suka fere katakon ba wanda ya adana sunansu.

Yanzu maganar a dawo da gidan Yamai. Ban ga laifin wanda ya nema ba, kuma da za a dawo da shi a kafa a harabar gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, da na yi murna. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sayen gidan aka yi, daga hannun masu shi, a lokacin da babu wanda ya ga darajarsa, kuma da dillalin bai zo ba akwai yiwuwar 'yan gwangwan ne za su yi ta da shi, ya ƙare a matsayin tukwanen suya. Bayan haka, ba don 'yan ƙasa aka yi gidan ba. Don ma'aikatan mulkin mallaka aka yi shi, kuma masu masana'antar alminiyum na Faransa suna neman kasuwa a Afirka. Har a wannan ma bai yi nasara ba: ya fi ginin da ake yi da kayan gida tsada nesa ba kusa ba, Turawan da aka yi dominsu kuma ba su so kamanninsa ba, shi ya sa aka tsaya a uku. Gidan da sai an yi masa dakon kowace kusa daga Nancy a jirgin sama ba zai taɓa zama gidan mutumin unguwar Gamkalle ta Yamai ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ke da amfani a jikinsa shi ne rufi biyu da inuwa da hanyar iska, kuma wannan ba ya buƙatar jirgi.

Ba kuma duk abin da mutanen nan suka yi ne daidai ba, kuma masu yi musu kirari sukan tsallake wannan shafin. Mies van der Rohe, Bajamushen da ya koma Amurka, ya gina wa wata likitar ƙoda ta Chicago, Edith Farnsworth, gidan hutu a bakin kogi, ya gama a 1951. Bango huɗu duk gilashi. A hoto ba abin da ya kai shi kyau, har yau ɗalibai na zuwa kallonsa. Amma matar da ta biya kuɗin ta sha zafi da bazara, fitila na tara mata ƙwari da dare, masu leƙe sun hana ta sakat, rigimar kuɗin ginin kuma ta kai su kotu. Shi kansa Le Corbusier ya gina masaukin marasa galihu a Paris a 1933 da fuskar gilashi a rufe ruf, da nufin na'ura ce za ta riƙa sarrafa iskar ciki. Kuɗin na'urar bai samu ba, mazauna suka riƙa dahuwa, hukuma ta tilasta a huda tagogi, daga baya aka ɗora wa ginin matarar rana ta kankare.

Sun yi kuskure, amma wasunsu sun gyara. Matarar ranar nan, wato fikafikan da ke fitowa gaban taga su hana hasken rana dukan gilashi, ita ce ta zama alamar ginin ma'aikatar ilimi da lafiya a Rio de Janeiro, wanda Lucio Costa da Oscar Niemeyer da abokansu suka gina, ita ce kuma ta mamaye Chandigarh. Ta iso Afirka ta Yamma ta hannun Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, 'yan Ingila, waɗanda suka gina makarantu a Gana, suka gina Jami'ar Ibadan da ɗakin karatunta mai bangon kankare huda-huda, suka kuma yi aikin filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna a tsakiyar shekarun 1960. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: a miƙe gini daga gabas zuwa yamma domin dogayen bangayensa su kauce wa ranar safe da ta la'asar, a yi shi siriri yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can, a ba kowace taga inuwa. A littafinsu na 1964 sun raba tsakanin ƙasar damshi da ƙasar fari, suka yarda cewa a wuri irin namu bango mai kauri da tsakar gida da ƙananan tagogi sun fi dacewa.

Ka zagaya sababbin unguwannin Abuja da Kano da Yamai ka ga wanne muka ɗauka. Kuskuren muka ɗauka, muka bar gyaran. Bankuna da shaguna masu hawa da sakatariyoyi an lulluɓe fuskarsu da baƙin gilashi ko shuɗi, sau da yawa ma ta fuskar yamma, babu ko taki ɗaya na inuwa. Idan wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi, ofis ya zama tanderun burodi, sai ka ga ma'aikata sun kwaso kujeru sun dawo gindin darbejiya. Gidajen zama kuma bulo ne mai rami inci shida, da doguwar hular kwano mai tsini irin ta ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, da tagogin turawa da rabinsu kawai ke buɗewa, an shafe tsakar gida da kankare ko tayil, an sare bishiyar da aka tarar a filin. Mai gidan ya kashe miliyoyi, sannan ya ɗaura wa kansa kuɗin fetur da na na'urar sanyaya ɗaki har ƙarshen ransa. Wanda ba shi da halin wannan kuwa, da bazara shi da iyalinsa a waje suke kwana, sauro na cin rabonsa.

Za a ce mini ai gilashi shi ne ci gaba, kuma ba wanda ke son a ce har yanzu a ginin ƙasa yake. Na ji wannan, kuma ban raina shi ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe, damina na cinsa, gara na bin azara, itacen giginya ya yi ƙaranci, kuma wanda ya tashi yana ganin katanga na faɗuwa kan mutane a watan Agusta yana da hujjar son siminti. Masu zuwa daga waje suna yabon soro su koma otal su kwana ba su da bakin yi masa wa'azi. Hassan Fathy na Masar, wanda ya fi kowa kare ginin laka a wancan zamani, ya gina sabon ƙauyen Gourna kusa da Luxor daga tsakiyar shekarun 1940, da magina Nubiyawa masu iya ɗaurin rufi ba katako, amma yawancin mutanen da aka yi dominsu suka ƙi tarewa, domin hukuma ce ta yanke musu ƙaura ba da son ransu ba. Don haka ni ban ce kowa ya koma tubali ba. Cewa na yi ko da siminti za ka yi, akwai ginin da ya san rana da wanda bai san ta ba, kuma bambancin kuɗinsu ba shi da yawa.

Inda nake da ƙorafi a kan Fry da Drew da ire-irensu shi ne sun zo da sabon ilimi amma ba su ɗauki maginan da suka tarar a matsayin abokan sana'a ba. Sun ɗauki adon gida sun manna a baranda, ragowar sun bar wa masu binciken al'adu. Alhali ƙasar da ta haifi Babban Gwani Mikaila, wanda ya ɗaura bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, ba baƙuwar lissafin gini ba ce. Kuma a daidai shekarun da ake ta ruruta sunan su Eames da Niemeyer, akwai wani magini a ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu. A 1962 mutanen garin suka ba shi aikin masallacin Juma'a, kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. A 1975 ya sake rufin da baka da ƙubba, daga 1978 zuwa 1982 ya ɗaga hasumiyoyi huɗu, kowace da fasalinta daban. A 1986 ginin ya ci lambar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin zanen gini a duniya. Idan ana lissafin gwanayen tsakiyar ƙarni na 20, ban ga dalilin da zai sa a tsallake shi ba, sai dai don ba shi da kamfanin da ke sayar da sunansa. Ɗalibi nawa ne a sashen zanen gini na jami'o'inmu zai iya zana maka gidan Farnsworth da ka, kuma nawa ne ya taɓa jin sunan Yama?

Akwai kuma Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Zariya daga 1957 zuwa 1961, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Yana cikin ɗaliban da suka bijire wa manhajar Turawa suka ce sai an haɗa da fasahar gida. Ya gina majami'ar Dominikawa a Ibadan da bulon jar ƙasa da aka cakuɗa da ɗan siminti, da hanyoyin iska da haske da ba su dogara da lantarki ba, yana kuma ƙera kujerunsa da kansa. Sai a 2023, yana tsoho tukuf, bikin baje kolin gine-gine na Venice ya ba shi babbar lambar girmamawa. A Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci Pritzker, babbar lambar masu zanen gini, a 2022, makarantar firamaren ƙauyensu Gando ce ta fito da shi, kuma sirrinta rufin kwano ne da aka ɗaga sama da silin na laka domin iska ta bi tsakani. Dabarar Prouvé ce sak, amma da kayan da ake samu a bakin ƙauye da hannun mutanen ƙauyen.

Kayan ɗaki ma haka. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san yadda ake shan wahalar kujeru. Saitin kushin manya-manya masu sassaƙa da ruwan gwal, an naɗe su da yadi mai gashi da ke riƙe zafi da ƙurar hunturu, sun cinye ɗaki har ba wurin shimfiɗa darduma, ga nauyin da sai ƙarti huɗu, wani lokaci sai an cire ƙyaure kafin su shiga. Ƙarƙashin yadin kuma sau da yawa katakon garin itace ne da aka matse, wanda da ya sha ruwa sau ɗaya ya kumbura. Bayan an sha wannan kashin kuɗi, 'yan gidan a ƙasa suke zama su jingina da kujerar, domin jikinmu da tabarma da tum-tum ya saba, kuma a ƙasa ake cin tuwo. Ba laifin kafinta ba ne. Hoto ake miƙa masa a waya a ce yi mini irin wannan, a kuma rage masa kuɗi.

Abin dariya, burin su Eames ya cika, amma a kujerar da ba mai yi mata kallo biyu: farar kujerar roba ta gidan biki da zaman makoki da taron siyasa. Zubi ɗaya ake yi mata a inji, yaro ma zai ɗauka, ana jera ashirin a kan juna, ruwa ba ya cinta. Aibinta rana na busar da ita ta karye, in ta karye kuma ba ta gyaruwa sai dai a ɗaure da waya. Wadda ta fi burge ni ita ce kujerar da masu walda ke yi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ta rodi da aka lanƙwasa aka saƙe da igiyar roba mai launi. Iska na ratsa ta ta bayan mai zama, ta kishingiɗa daidai hirar dare, in igiyar ta tsinke a sake saƙawa a wuni ɗaya. Irin tambayoyin da su Eames suka jero a kan lota, duk ta amsa su. Ina jin tsoron ranar da wani zai kai ta baje kolin kayan ɗaki na Milan a Italiya ya sa mata suna, sannan mu fara sayen ta da tsada.

Abin da nake nema daga hukuma ba shi da wuya. Gine-ginen da aka yi daga 1945 zuwa 1975, makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai da asibitoci da gidajen waya da sakatariyoyi, yanzu sun kai shekarun da ake rushe su, ko a yi musu gyaran da ya fi rushewa muni: a toshe bulo mai huda da siminti, a rufe baranda a mai da ita ofis, a manna gilashi, a rataya na'urar sanyi. Hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, da takwararta ta Nijar, hankalinsu ya fi karkata ga ganuwa da fadoji, kuma sun cancanci hakan. Amma Asmara ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2017 da gine-ginen zamanin mulkin Italiya, harabar manyan gine-ginen gwamnati ta Chandigarh ta shiga a 2016. Ko ba a kai nan ba, a sa ɗaliban zanen gini na Zariya da Kano da Minna da Yamai su bi jiha-jiha su auna waɗannan gine-gine, su ɗauki hoto, su sa ma'aunin zafi a ciki da waje a watan Afrilu, a buga sakamakon kowa ya gani. Kafin a yi gwanjon tsofaffin kujeru da kabad-kabad na ma'aikatu, a bar wani da ya san katako ya duba su.

Mafi muhimmanci kuma, gwamnati ita ce babbar mai ba da kwangilar gini, kuma abin da ta fi ginawa aji ne da ɗakin haihuwa. Zanen ajin da ake rabawa 'yan kwangila kusan iri ɗaya ne daga Legas har Illela: bulo, kwano, silin ɗin da ke ruftowa bayan damina biyu, tagogin ƙarfe da ake rufewa saboda ɓarayi. Yaro 80 a ciki da ƙarfe ɗaya na rana. A sake wannan zane ɗaya tak. A ɗaga rufin a bar kafar iska, a faɗaɗa baranda ta fuskar rana, a juya ginin ya kalli arewa da kudu, a sa bulo mai huda a saman bango, a rubuta dasa bishiya goma cikin sharuɗɗan kwangila, kada a biya kuɗin ƙarshe sai sun kama. Hukumomin da ke sa hannu a takardar izinin gini su ma su ƙara tambaya ɗaya a fom ɗinsu, ga duk bene mai gilashi: me zai tare ranar yamma daga wannan tagar?